Abin da Ke Cikin Labarin Tafiya da Ke Sa Mai Karatu Ɗaure Kaya

A ɗakin karatu da ke harabar babbar majami'ar birnin Sebil na ƙasar Sifaniya, garin da Larabawa ke kira Ishbiliya, an adana wani tsohon littafi da aka buga da harshen Latin. Gefen shafukansa cike yake da ƙananan rubuce-rubucen hannu. Littafin labarin tafiyar Marko Polo ne, ɗan kasuwar birnin Benis na Italiya da ya bar gida a 1271 yana ɗan shekara 17, ya kai har fadar Kublai Khan, sarkin Mongol, a ƙasar Sin, bai dawo ba sai 1295. Mai littafin kuwa, wanda da yawa daga rubutun gefen nasa ne, shi ne Kiristofa Kolombus, matuƙin jirgin ruwan nan da ya isa nahiyar Amurka. Inda Polo ya ambaci zinariya ko lu'ulu'u ko kayan ƙamshi, nan za ka ga alƙalamin Kolombus ya tsaya ya yi alama.

Da ya tashi daga Sifaniya a 1492 yana neman hanyar Asiya ta yamma, har da wasiƙar sarakunan ƙasar ya ɗauka domin ya miƙa wa Babban Khan, alhali mulkin Mongol a Sin ya faɗi tun 1368. Da ya isa tsibirin Kyuba, da farko ya ɗauka Japan ce, ƙasar da Polo ya kira Sipangu ya ce rufin fadar sarkinta na zinariya ne, duk da shi kansa Polo bai taɓa taka ta ba, ji ya yi. Daga baya Kolombus ya sake shawara, ya ce lalle gaɓar ƙasar Khan ce, har ya tura mutum biyu cikin tsibirin su nemo fadar, ɗayansu tafinta ne mai ɗan jin Larabci. Bayan 'yan kwanaki suka dawo da labarin wani ƙauye, da mutanen da ke naɗe busasshen ganye su kunna masa wuta suna zuƙar hayaƙi.

Duk wanda ya taɓa rufe littafin tafiya da tsakar dare, ya jawo waya ya buɗe taswira yana laluben garin da ya gama karantawa, daga nan ya samu kansa yana duba kuɗin tikitin jirgi alhali ba shi da niyyar zuwa ko'ina da safiyar ranar, ya san ɗan ƙaramin nau'in ciwon da ya kama Kolombus. Abin tambaya shi ne, mene ne a cikin rubutun da ke yin wannan aiki? Kowa ya san akwai ƙasashe da yawa a duniya tun yana makarantar firamare, sanin bai hana shi barci ba. Me ya sa shafi ɗari biyu na wani baƙon mutum ke iya hanawa?

Da yawa sun ɗauka sirrin yana cikin yabon kyan wuri. Ni ban yarda ba. Da haka ne, da takardun tallan kamfanonin yawon buɗe ido sun fi kowane littafi tasiri, domin babu wanda ya kai su iya cewa teku shuɗi ne, yashi fari ne, mutanen gari masu fara'a ne. Amma mutum na ganin irin wannan talla ɗari ya wuce ko a jikinsa. Kyau marar aibi ba ya kama zuciya, don zuciya ta san daɗin baki ne.

Dubi yadda Ibn Baɗuɗa ya buɗe nasa labarin. Ya bar garinsu Tanja a ƙasar Maroko a 1325, yana da shekara 21, da niyyar aikin Hajji, shi kaɗai, ba aboki ba ayari, iyayensa duka suna raye kuma rabuwar ta yi masa nauyi. A hanya zazzaɓi ya kama shi, tsoron 'yan fashi ya hana abokan tafiyar da ya haɗu da su tsayawa, sai ya kwance rawaninsa ya ɗaure kansa a jikin sirdi don kada ya faɗo. Da suka isa Tunis, mutanen gari suka fito tarbar ayari, kowa na rungumar nasa ana gaisawa, shi kuwa babu wanda ya ce masa sannu da zuwa, don bai san kowa ba. Ya ce kewa ta rufe shi har ya kasa riƙe hawaye, ya yi ta kuka, sai wani daga cikin matafiyan ya lura ya zo yana lallashinsa da hira har suka shiga gari.

Wannan shi ne mutumin da zai shafe kusan shekara 30 yana yawo, ya zama alƙali a Delhi ƙarƙashin Sarki Muhammad bin Tugluƙ, ya sake zama alƙali a tsibiran Maldibs, ya ga Kustantiniya, ya ga Mali a zamanin Mansa Sulaiman. Amma kafin mai karatu ya ga duk wannan, ya fara ganin saurayi yana kuka a ƙofar gari. Nan ne ƙugiyar take. Babban abin da ke tsare mutum a gida, bayan rashin kuɗi, shi ne tunanin cewa tafiya ta wasu irin mutane ce, masu ƙarfin hali, masu jin harsuna, waɗanda ba sa ɓata hanya. Marubucin da ya nuna maka ya ji tsoro, an cuce shi a canjin kuɗi, cikinsa ya ɓaci, ya kwana a tasha don ya rasa motar ƙarshe, sannan gari ya waye bai mutu ba, ya cire maka wannan shinge ba tare da ya ce maka uffan ba. Abin da ke tashi a ranka shi ne, ashe ɗan'adam ne kamar ni. Shi ya sa na fi amincewa da marubucin da ke iya yi wa kansa dariya. Ibn Baɗuɗa ya ba da labarin sanyin da ya same shi a filayen arewacin Bahar Aswad, inda ya jibga riguna masu gashi har uku da wanduna biyu, ya yi nauyin da ba ya iya hawa doki sai an ɗaga shi. Wanda ya karanta wannan ba zai manta da sanyin wurin ba, ko da an kawo masa ma'aunin sanyi na shekara goma.

Abu na biyu shi ne yadda rubutu mai kyau ke mayar da suna ya zama wuri. Kafin ka karanta, Samarƙand ko Zanzibar ko Lisbon ɗigo ne a taswira. Bayan ka karanta, akwai wani lungu a garin da ka san ƙamshinsa, ka san ƙarar da ke tayar da mutane da asuba, ka san yadda mai sayar da tikitin jirgin ruwa ke ƙirga canji yana kallon wani wajen. Ƙwaƙwalwa ba ta iya sha'awar abin da ba ta iya zanawa, kuma ba ta zana abu sai da kayan da take da su. Ƙwararrun matafiya sun gane wannan tun da daɗewa, shi ya sa kullum suke auna baƙon abu da sananne. Da Ibn Baɗuɗa zai kwatanta kwakwa ga mutanen Maroko da ba su taɓa ganin ta ba, cewa ya yi tana kama da kan mutum, da alamar idanu biyu da baki, da zare-zare kamar gashi. Da Polo ya ga karkanda a tsibirin Sumatra, ya ce gashinta na ɓauna ne, ƙafafunta na giwa, kanta kamar na gursunu, tana son kwanciya a taɓo, kuma ko kusa ba ta yi kama da kyakkyawar dabbar nan mai ƙaho ɗaya da Turawa ke ba da labari a tatsuniyoyinsu ba. Haka ya yi da kuɗin takarda da ake yi da ɓawon bishiya a Sin, da baƙaƙen duwatsu da ake haƙowa daga tsaunuka suna ci da wuta fiye da itace, wato kwal. Mutanen Benis da yawa sun ɗauke shi mai shara ƙarya. Amma ko wanda ya ƙaryata, hoton ya riga ya zauna masa.

Masana halayyar ɗan'adam sun yi nazarin wannan yanayi na nutsewa cikin labari. A shekarar 2000 wasu masu bincike biyu 'yan Amurka, Melanie Green da Timothy Brock, suka nuna cewa gwargwadon yadda labari ya tafi da hankalin mai karatu, gwargwadon yadda yake rage gardama da abin da labarin ya ƙunsa, ra'ayinsa ya karkata wajensa. Abin burgewa, kalmar da suka zaɓa don wannan yanayi ta sufuri ce, wato ɗaukar mutum daga wani wuri a kai shi wani. Talla kuwa tana zuwa ne fuska a buɗe, mai kallo ya san ana son aljihunsa, sai ya ja tunga. Labari ba ya roƙon komai, shi ya sa ake buɗe masa ƙofa.

Sai batun hanya, wanda masu son adabi kan raina, alhali shi ne ke mayar da sha'awa ta zama niyya. Ibn Jubair, malamin Andalus da ya tashi daga Garnaɗa a 1183, ya rubuta cewa jirgin ruwan mutanen Janowa ta Italiya ya shiga daga Sabta, ya yi kusan wata guda kafin ya kai Iskandariya. Ya rubuta yadda jami'an kwastan na can suka zazzage kayan alhazai suna karɓar zakka ba tare da tambayar ko shekara ta zagayo wa dukiyar ba, ya rubuta kwanakin wata daki-daki, da inda ake samun ruwa da inda ba a samu, har da yadda jirginsu ya tarwatse a bakin Masina ta tsibirin Sisili a hanyar dawowa. Mai karanta wannan a Kurɗuba ko Fas ya samu abin da zai yi lissafi da shi: kwana nawa, guzuri nawa, ina ne haɗari. Littafin ya yi ƙarfin da, bayan shekara fiye da 150, Ibn Juzai, wanda Sarki Abu Inan na Fas ya sa ya rubuta labarin Ibn Baɗuɗa, ya ɗebo daga cikinsa wajen kwatanta garuruwa irin su Dimashƙa da Makka.

Irin wannan ne ya maimaita kansa a zamaninmu. A 1972 wasu matasa ma'aurata, Tony da Maureen Wheeler, suka taso daga Landan ta ƙasa, suka ratsa Turkiyya da Iran da Afganistan da Indiya har suka dangana da Ostiraliya, aljihunsu ya kusa zama fayau. Tambayoyin da mutane suka dame su da su ba na kyan tsaunuka ba ne. Yaya kuka yi? Nawa kuka kashe? Ina kuka kwana? Amsoshin suka tattara a ɗan ƙaramin littafi a 1973, daga nan kamfanin Lonely Planet mai buga littattafan jagorar matafiya ya samo asali. Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya samu wanda zai tambaya, kuma littafi mutum ne da ba ya gajiya da tambaya.

Akwai kuma wani abu da ya fi waɗannan zurfi, wanda nake ganin shi ne ainihin abin da ke ɗaga ƙafa. Rubutu, komai ƙwarewar mai shi, ba ya ƙosarwa. Zai gaya maka ɗanɗanon wani 'ya'yan itace ya faɗa tsakanin kaza da kaza, amma harshenka bai taɓa ba. Zai ce iskar wani tsauni tana yanka huhu, amma naka huhun lafiya lau yake a ɗaki. Marubuci ya kai ka bakin ƙofa ya bar ka a tsaye, kuma wannan gibin da ke tsakanin ji da gani shi ke zama ƙaiƙayi. Gani ya kori ji, zuwa da kai kuma ya fi aike. A nan ma rubutu ya fi bidiyo wayo. Hoton bidiyo na minti ɗaya kan ba mutum jin cewa ya riga ya ga wurin, ya danna na gaba. Rubutu yana tilasta maka ka gina wurin da kanka, kuma abin da mutum ya gina da hannunsa yana son ya je ya duba ko ya yi daidai.

To amma ƙarfin nan da ke tayar da mutum, shi ne kuma ke iya rufe masa ido, kamar yadda ya yi wa Kolombus, wanda ya tsaya a gaban sabuwar nahiya yana neman tsohon littafi a cikinta.

Babu garin da ya sha wannan kamar Tumbuktu. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Afirkanus, ya kwatanta garin da dukiyar sarkinsa da malamansa da cinikin littattafansa, aka buga aikin a Benis a 1550. Turawa suka ɗauki zinariyar suka manta da littattafan, suka yi ta ƙara wa labarin gishiri har kusan shekara 300, alhali garin ya sha mamayar sojojin Maroko tun 1591 kuma cinikin Sahara ya ja baya. Wani yaro maraya a yammacin Faransa, René Caillié, wanda aka haifa a 1799, ya taso yana cinye littattafan tafiye-tafiye. Da kansa ya faɗa cewa labarin Robinson Crusoe ne ya fara hura masa wutar, duk da cewa ƙagaggen labari ne. Ƙungiyar masana ƙasa ta Paris ta sa ladar faran 10,000 na kuɗin Faransa ga Baturen da zai je Tumbuktu ya dawo da bayani. Caillié ya zauna cikin Larabawan Barakna a arewacin kogin Sanagal ya koyi Larabci da al'amuran addini, ya sa wa kansa suna Abdullahi, ya ce shi ɗan Masar ne da Faransawa suka ɗauke tun yana ƙarami yana neman hanyar gida. Ciwo ya kwantar da shi watanni a hanya. A ranar 20 ga Afrilu 1828 ya shiga Tumbuktu, kuma abin da ya tarar gidajen ƙasa ne a tsakiyar rairayi, gari shiru. Bai ɓoye cewa gwiwarsa ta yi sanyi ba. Mako biyu ya yi ya bi ayari ya haye Sahara. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma wani lokacin shigar ce ke ɓata hangen.

Labarin Caillié yana da wani gefe da ya kamata mai karatu ya riƙe. Shekara biyu kafin shi, wani hafsan sojan Birtaniya, Gordon Laing, ya isa Tumbuktu a 1826, aka kashe shi jim kaɗan bayan ya bar garin, takardunsa suka salwanta. Littattafan tafiya duk na waɗanda suka dawo ne. Wanda ƙishirwa ta kashe a hamada, da wanda jirginsa ya nutse, da wanda ya isa amma rayuwa ta juya masa baya har kunya ta hana shi ba da labari, ba su da shafi a kanta. Don haka duk wanda ya karanta labarin wani da ya yi kasada ya tsira, yana karanta sakamakon caca ne daga bakin wanda ya ci. Wannan ya shafi mai niyyar hawan tsauni, ya kuma fi shafar matashin da labaran masu dawowa da kaya suka sa yana tunanin bin ɓarauniyar hanya.

Haka nan yana da kyau a tambayi wane fasfo marubucin ke riƙe da shi. Yawancin littattafan tafiya da suka yi suna a ƙarnin da ya wuce, mutanen da iyakoki ke buɗe musu ne suka rubuta su. Mutum zai ce ya farka da safe ya ji yana son ganin wata ƙasa, da yamma yana cikinta, bai ambaci layin ofishin jakadanci ba, ko takardar shaidar kuɗin banki, ko watannin jiran biza da ƙila a hana. Ibn Baɗuɗa ma yana da nasa fasfon, ko da ba na takarda ba ne: ilimin fiƙihu da harshen Larabci, a zamanin da sarakuna daga Delhi zuwa Mali ke neman malamai, zawiyoyi kuma na ciyar da baƙo kyauta. Wanda ba shi da wannan jari ba zai yi irin tafiyarsa ba ko a wancan lokacin.

Sannan idan rubutu ya yi nasara fiye da kima, yakan cinye abin da ya yaba. Ƙididdigar hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna masu ƙetare iyaka don ziyara sun tashi daga kimanin miliyan 25 a 1950 zuwa kusan biliyan ɗaya da rabi a 2019. A cikin irin wannan cunkoso, jimla ɗaya mai cewa ga wani ɓoyayyen wuri da ba kowa ya sani ba ta isa ta kashe ɓoyuwar. Gaɓar Maya a ƙasar Tailan ta yi suna ne bayan wani fim na shekarar 2000 da aka ciro daga littafi, wanda abin dariya jigonsa shi ne ɓoyayyen bakin teku da baƙi suka lalata. Jiragen ruwa suka yi ta kwasar dubban mutane zuwa can kullum har murjanin ƙarƙashin ruwa ya lalace, hukuma ta rufe wurin a 2018, ba a sake buɗewa ba sai 2022, shi ma da sharuɗɗa.

Duk da haka sarƙar ba ta yankewa, domin mai karatun da ya tashi yakan dawo marubuci. Xuanzang, malamin addinin Buda daga Sin, ya san labarin magabacinsa Faxian da ya je Indiya tun wajen shekarar 400, shi ma ya bi sahu ya dawo a 645 da ɗaruruwan littattafai. Bayanin da ya rubuta ya yi daidai har ta kai, bayan shekara 1,200, Alexander Cunningham, mai binciken kayan tarihi ɗan Birtaniya, ya riƙe shi a hannu yana bin kufai a arewacin Indiya, da taimakonsa aka tabbatar da wuraren da suka ɓace irin su tsohuwar jami'ar Nalanda.

Shi kuwa Caillié, da ya koma Faransa ya karɓi ladarsa, ya buga labarinsa cikin juzu'i uku a 1830, sai wasu, musamman a Ingila, suka ce ƙarya yake bai je ba. Tumbuktunsa ta gidajen ƙasa ba ta yi kama da wadda suka karanta ba. Ya rasu a 1838 da wannan zargi a kansa. Sai a watan Satumba na 1853 Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi yawo da sunan Abdulkarim, wanda ya karanta littafin Caillié kafin ya taso, ya shiga garin ya zauna watanni, ya kuma rubuta cewa bayanin mutumin gaskiya ne.